Barin Windows 10 Zuwa Windows 11: Lissafin Da Ke Gaban 'Yan Kasuwar Abuja

ABUJA: A ranar Talata 14 ga watan Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya janye hannunsa daga kula da Windows 10, wato babbar manhajar da ta shekara goma tana tafiyar da kwamfutocin ofisoshi a ko'ina cikin duniya. Washegari da safe babu wani abin da ya canja a idon mai kallo. Kwamfutocin da ke shagunan buga takardu na Area 1 da Area 10 sun tashi kamar kullum, haka na ofisoshin lauyoyi da akantoci a Wuse 2, haka na kantunan magani a Garki. Wannan shi ya sa 'yan kasuwa da dama suka ɗauki maganar a matsayin dabarar talla, irin wadda kamfani kan yi don ya tilasta wa mutane sayen sabon kaya.

Akwai ƙamshin gaskiya a cikin wannan zato. Amma zato ba ya kare dukiya, kuma ɗan kasuwar da ke ajiye lissafinsa da sunayen abokan cinikinsa a cikin kwamfuta yana bukatar ya fahimci ainihin abin da ya faru kafin ya yanke shawara.

Abin da aka daina

Babbar manhaja ita ce ginshiƙin da sauran manhajoji ke zaune a kai. Ita ke haɗa allo da madannai da firinta, ita ke buɗe hanyar intanet, ita ke ba wa manhajar lissafi da ta rubutu wurin aiki. Kamar kowane abu da ɗan Adam ya ƙera, ba ta rasa ɓaraka. A kullum masu bincike da masu kutse suna gano sababbin kafofin da za a iya bi a shiga kwamfutar mutum ba da saninsa ba. Al'adar Microsoft ita ce a ranar Talata ta biyu ta kowane wata ya aiko da faci ta intanet don toshe kafofin da aka gano. Wannan faci na kyauta shi ne aka daina aiko wa Windows 10, wadda ta fara fitowa a ranar 29 ga Yuli, 2015.

Ma'anar wannan ita ce, kwamfutar za ta ci gaba da aiki, amma duk wata kafa da aka gano bayan wannan rana za ta zauna a buɗe. Har ila yau akwai wani al'amari da ya ƙara munana lamarin. Windows 10 da Windows 11 sun yi tarayya a sassa masu yawa na gininsu. Don haka duk lokacin da kamfanin ya fitar da faci don Windows 11, masu kutse kan zauna su nazarce shi, su gane ɓarakar da aka toshe, sannan su je su neme ta a cikin tsohuwar manhajar da ba ta sami facin ba. Haɗarin ba ya zuwa rana ɗaya. Taruwa yake yi wata bayan wata.

Duniya ta taɓa ganin abin da rashin faci ke haifarwa. A ranar 12 ga Mayu, 2017, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe fiye da 150, ta kulle bayanan kwamfutoci sama da 200,000, tana neman a biya fansa kafin ta sake su. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke dubban alƙawuran ganin likita. Abin lura shi ne, Microsoft ya riga ya fitar da facin wannan kafa tun watan Maris na shekarar, wata biyu kafin harin. Akasarin waɗanda abin ya shafa suna amfani ne da Windows 7, wadda a lokacin ake kula da ita, amma ba su saka facin ba. Sai da kamfanin ya karya dokarsa ya fitar da facin gaggawa ga Windows XP, wadda ya daina kula da ita tun Afrilun 2014. Ba abu ba ne da ɗan kasuwa zai dogara a kai cewa za a sake yi masa irin wannan alfarma.

Inda kuɗin yake

Ga wanda ke da Windows 10 mai lasisi na gaskiya, komawa Windows 11 kyauta ne. Matsalar ba ta manhaja ba ce, ta ƙarfe ce. Lokacin da Windows 11 ta fito a ranar 5 ga Oktoba, 2021, ta zo da sharuɗɗan da waɗanda suka gabace ta ba su gindaya ba. Tana bukatar ma'adanar aiki ta ram mai aƙalla gigabait 4, da rumbun ajiya mai gigabait 64, waɗanda ba su da wuyar samu. Masu wuyar su ne guda biyu: wata 'yar na'urar tsaro da ake kira TPM 2.0, mai adana makullan sirri na kwamfuta, da kuma furosesa, wato ƙwaƙwalwar sarrafawa, wadda dole ta kasance ta Intel zubi na takwas ko sama, ko kuma ta AMD daga Ryzen 2000 zuwa sama, in ban da 'yan ƙalilan da aka keɓe. Zubi na takwas na Intel ya fara shiga kasuwa ne a ƙarshen 2017. Kenan kwamfutar da aka ƙera kafin wannan lokaci, komai lafiyarta, galibi ba za ta sami shiga ba.

A nan ne lamarin ya taɓa Nijeriya fiye da ƙasashen Turai. Kaso mai yawa na kwamfutocin ƙananan ofisoshi a Abuja 'yan gwanjo ne, waɗanda aka fi sani da tokunbo, da ake sayowa a Banex Plaza da makwabtanta a Wuse 2, ko a kawo daga kasuwar Computer Village ta Ikeja a Legas. Kwamfuta ce da wani kamfani a Turai ko Amurka ya yi shekara huɗu ko biyar yana mora kafin ya sallame ta. Wadda aka saya a Abuja a 2020 tana iya kasancewa ƙirar 2015 ce. Tana buga wasiƙa, tana fitar da rasit, mai ita bai ga laifinta ba. Amma Windows 11 ba za ta karɓe ta ba.

Sayen sabuwa kuwa ya faɗo a mummunan lokaci. Tun da Babban Bankin Nijeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, dalar da ake samu ƙasa da naira 500 a farashin hukuma ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Kwamfuta kuwa kayan waje ce, farashinta na bin dala. Ofishin da a da zai sauya na'urori biyar ba tare da dogon tunani ba, yanzu sai ya auna kafin ya sauya biyu.

Kafin a yanke ƙauna daga kowace na'ura, ya kamata a gwada ta da 'yar manhajar PC Health Check ta Microsoft, wadda ke faɗin ko ta cancanta, da kuma dalilin rashin cancantar. Sau da yawa kwamfuta tana da TPM amma an kashe ta a saitin farko na na'urar. Mai gyara da ya san aikinsa zai kunna ta cikin 'yan mintoci, kuma a kwamfutocin Intel wani lokaci sunan da take ɗauke da shi a wurin shi ne PTT, a na AMD kuma fTPM. An sha jingine kwamfuta mai kyau saboda rashin sanin wannan.

Sayen lokaci

Microsoft ya buɗe wata ƙofa ga waɗanda ba su shirya ba, wato shirin tsawaita facin tsaro da ake kira ESU. Ga kamfanoni, farashin shekarar farko dala 61 ne kan kowace kwamfuta, shekara ta biyu ya ninka zuwa 122, ta uku zuwa 244, shirin kuma zai ƙare a Oktoban 2028. Wanda ya shiga a makare sai ya biya har da na shekarun da suka wuce. Idan aka tara, kwamfuta ɗaya za ta ci dala 427 a shekara uku. Ofishi mai kwamfuta goma zai kashe dala 4,270, a ƙarshe kuma yana nan da tsofaffin na'urorinsa. Wannan kuɗi na kwamfuta ɗaya ya kai, ko ma ya wuce, abin da za a sayi 'yar gwanjo mai kyau wadda Windows 11 ta yarda da ita. An tsara farashin ne da gangan don ya zama gada, ba mazauni ba.

Ga kwamfutocin ɗaiɗaikun mutane an yi sassauci: yadda aka fara sanarwa, shekara ɗaya ce, zuwa 13 ga Oktoba, 2026, kan dala 30, ko kuma kyauta ga wanda ya yarda ya haɗa saitin kwamfutarsa da asusun Microsoft. A duka biyun, sai kwamfutar tana kan zubin ƙarshe na Windows 10, wato 22H2. Shirin faci ne kawai yake bayarwa. Ba ya ƙara sabon abu, ba ya gyara wata matsalar da ba ta tsaro ba.

Shekarar farko ta wannan shiri tana da ma'ana ga kamfanin da ke bukatar lokaci ya tsara kasafinsa. Shekara ta uku kuwa da wuya a sami hujjarta, sai dai ga na'urar da ke tafiyar da wani inji mai tsada wanda ba shi da madadi.

Ba duka kwamfutoci ne ɗaya ba

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar tambayar a dunƙule, a ce ko dai a sauya duka ko a bar duka. Hanyar da ta fi dacewa ita ce mai kamfani ya bi na'urorinsa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi abin da kowace ke yi.

Kwamfutar da ake shiga asusun banki da ita, ko ake biyan kuɗin gwamnati ta Remita, ko ake cike takardun haraji da na Hukumar Rajistar Kamfanoni ta CAC, ko ake buɗe wasiƙun imel na 'yan kwangila, ita ce ta farko. A Abuja, inda harkar kasuwanci da dama ke rataye da ma'aikatun gwamnati, kusan kowane ofishi yana da irin wannan na'ura, kuma sau da yawa ita ce ta akanta ko ta sakatare. Wannan ba ta da uzurin zama babu faci ko na wata ɗaya. In ta cancanci Windows 11, a mayar da ita. In ba ta cancanta ba, ita ce ta fara cin kuɗin sabuwa, ko da kuwa ta maigida ce za ta jira.

Haka nan wadda ke ɗauke da bayanan mutane. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a nauyin ɗaukar matakan tsaro da suka dace, ta kuma kafa hukumar NDPC don sa ido. Tarar da dokar ta tanada tana iya kai wa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa, ga manyan masu riƙe da bayanai, ga sauran kuma naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari. Dokar ba ta ambaci sunan wata manhaja ba. Amma asibiti mai zaman kansa, ko makaranta, ko otal, ko kamfanin dillancin gidaje da aka sace bayanan abokan hulɗarsa daga kwamfutar da mai ƙera manhajarta ya sanar shekaru da dama tun kafin lokaci cewa zai daina kula da ita, zai sha wuya wajen nuna cewa ya yi bakin ƙoƙarinsa.

Akwai kuma kwamfutar da ba ta taɓa intanet. Misali ita ce wadda ke haɗe da injin buga manyan allunan talla, ko injin yankan sitika, ko na'urar gwaji a ɗakin awo. Irin wannan sauya mata manhaja na iya zama ɓarna, domin direbar da ke haɗa ta da injin, wato 'yar manhajar da ke fassara umarnin kwamfuta ga na'ura, mai yiwuwa ba a yi ta don Windows 11 ba. Windows 11 ba ta da zubi mai bit 32 sam, don haka tsofaffin direbobi da aka rubuta don wannan zubi ba za su yi aiki ba. Mafita a nan ita ce a bar ta yadda take, a raba ta da intanet gaba ɗaya, a kuma tsaurara kan filashin da ake soka mata. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne mai wuya a shagunan buga takardu, inda kowane abokin ciniki da filashinsa yake zuwa, kuma ta nan ne cututtukan kwamfuta suka fi yawo tun kafin intanet ta wadata.

Tsohuwar na'urar da aikinta bai wuce rubutu da duba shafukan intanet ba tana da wata hanya, wato a ɗora mata Linux, kamar Ubuntu ko Linux Mint, ko kuma ChromeOS Flex na kamfanin Google. Kyauta ne, kuma ana aiko musu da faci. Sai dai CorelDraw, wadda ita ce jarin masu zane da buga kati a Abuja, ba ta aiki a kansu kai tsaye, haka ma yawancin manhajojin lissafi da akantoci suka saba da su.

Gajeriyar hanyar masu gyara

A kasuwa akwai masu gyaran da za su ɗora Windows 11 a kan kowace irin kwamfuta ta hanyar tsallake binciken sharuɗɗa. Abin yana yiwuwa, kuma na'urar kan yi aiki. Amma Microsoft ya bayyana cewa irin wannan kwamfuta ba ta da tabbacin samun faci. Tun da faci shi ne dalilin sauyawar tun farko, wanda ya bi wannan hanya ya biya kuɗin aiki ne ya sayi rashin tabbas. Ana iya lamuntar haka ga na'urar da yara ke koyon buga rubutu, amma ban da ta akanta.

Mafi muni daga wannan ita ce manhajar sata. Ba boyayyen abu ba ne cewa kwamfutoci da yawa suna fitowa daga shago da Windows da Office da aka buɗe da wata 'yar dabara ba da lasisi ba. Irin waɗannan dabaru da ake saukewa daga wuraren da ba a sani ba su kansu sukan zo da ɓarawo a ciki, kuma sau da yawa akan kashe karɓar faci don kada a gano satar. Mai irin wannan na'ura ya daɗe da fita daga kariya, tun kafin Oktoban 2025. Ya kamata kuma a sani cewa a wannan rana ɗaya aka daina kula da Office 2016 da Office 2019.

Masu shirin sayen 'yar gwanjo suna bukatar ƙarin hattara a wannan lokaci. Kamfanin binciken kasuwa na Canalys ya yi ƙiyasi a ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kimanin miliyan 240 ne za su rasa daraja saboda wannan canji. Kayan da Turai ta yar, ba a rasa sanin inda suke dosa ba. Za a ga na'urori masu kyan gani da araha mai jan hankali, wasu ma an riga an tilasta musu Windows 11 don su yi kama da na zamani. Abin dubawa shi ne lambar furosesa. A tsofaffin na Intel masu lamba huɗu, lambar farko bayan alamar i5 ko i7 ita ke nuna zubi: i5-6200U zubi na shida ce, ba ta cancanta ba, i5-8250U kuwa ta takwas ce, ta cancanta. Jin cewa kwamfuta "Core i7" ce kawai bai isa ba, domin i7 ta 2014 ba ta da shiga inda i3 ta 2019 ke da shi.

Ranar sauyawa

Tsoron sabon zubi yana da tushe. Waɗanda suka yi gaggawar karɓar Windows Vista a 2007 sun sha fama da nauyi da rashin direbobi, Windows 8 kuma ta ruɗa ma'aikata a 2012 da ta ɗauke musu madannin farawa da suka saba da shi tun Windows 95. Dabarar jira har wasu su fara gwadawa ta amfani mutane da yawa. Amma Windows 11 ta cika shekara huɗu kafin a rufe Windows 10, don haka ba sabuwa ba ce kuma. Abin da ma'aikaci zai gani ya bambanta bai taka kara ya karya ba: madannin farawa ya koma tsakiya, ana kuma iya mayar da shi hagu, wasu umarnai sun canja wuri. Madannan Hausa masu haruffan ƙ da ɗ da ɓ suna nan. Sai dai masu ɗab'in da har yanzu ke amfani da tsofaffin salon haruffa na musamman su tabbata sun kwafe su kafin a taɓa na'urar, domin in suka ɓace, tsofaffin ayyuka za su buɗe da alamomin da ba a karantawa.

Kafin a fara, a kwafe dukkan bayanai zuwa wani rumbu na waje, a buɗe kwafin a tabbatar yana aiki. A tattara lambobin lasisin manhajojin da aka saya. A tambayi wanda ya sayar da manhajar lissafi ko ta kanti ko zubin da ake da shi yana tafiya da Windows 11. A fara da na'ura ɗaya, a yi mako guda ana aiki da ita, a gwada firinta da sikana da na'urar ɗaukar yatsa, sannan a wuce ga sauran. Bayan sauyawa akwai kwana goma da za a iya komawa tsohuwar manhaja ba tare da asarar komai ba, bayan haka ƙofar takan rufe.

Abubuwa biyu na gida su ma suna cikin lissafi. Na farko data: saukar da manhajar na cin gigabait da dama, don haka ofishi mai na'urori da yawa gara ya sauke sau ɗaya a filashi daga shafin Microsoft na ainihi ya yi amfani da shi ga duka. Na biyu wuta: ɗaukewar lantarki a tsakiyar aikin na iya barin kwamfutar tebur ta kasa tashi. A yi aikin da na'urar riƙe wuta ta UPS mai lafiyayyen batir, ko a kan janareta, kuma a guji ƙarshen wata, lokacin biyan albashi da rufe lissafi.

Windows 11 ita ma ba ta zama wuri ɗaya. Kowace shekara ana fitar da sabon zubinta, kuma zubin Home da Pro wata 24 kawai ake kula da kowanne, na manyan kamfanoni kuma wata 36. Kamfanin da ya sauya sai ya sa wani ma'aikaci takamaimai ya riƙa duba lambar zubin kowace na'ura da ranar facinta na ƙarshe, a rubuta a littafin kayan ofis kusa da ranar da aka saye ta.